Likitocinmu na ta ficewa waje: a ɗaure su da doka ko a ƙyale su?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, kuma na san muna da likitoci a gidan nan to dan Allah kar wanda ya ji haushi. Ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate da bakinsa ya faɗa a 2024 cewa likitoci 15,000 zuwa 16,000 ne suka bar ƙasar nan cikin shekara 5, waɗanda suka rage kuma wajen 55,000 ne, a ƙasar da mutanenta sun haura miliyan 200. A Ingila kaɗai waɗanda suka yi karatu a Najeriya sun haura 10,000. To ni tambayata, yaron da ya yi karatun likita a ABU ko BUK ko Danfodiyo, abin da ya biya bai taka kara ya karya ba, sauran duk dukiyar jama'a ce, a jikin talaka ya koyi allura a jikin talaka ya koyi tiyata, sannan rana ɗaya ya ɗau jaka ya tafi jinyar tsofaffin Turawa, wannan adalci ne? Ni dai ina bayan ƙudurin nan da ɗan majalisar wakilai daga Legas Ganiyu Johnson ya kawo a 2023, sai likita ya yi shekara 5 yana aiki a gida kafin a ba shi cikakken lasisi. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Talaka Bawan Allah:
Wlh ka gama magana malam. Shekara 10 ma ya kamata a sa musu

Dakta Bazazzagi:
Wa alaikumus salam. Malam Baban Ilham ban ji haushi ba, amma bari in tambaye ka, lauya da injiniya da akanta da suka fito daga jami'o'in nan da ka lissafa su ba dukiyar jama'a suka ci ba? Me ya sa likita kaɗai za a riƙe wa lasisi? Ni ina nan gida ban tafi ko'ina ba, ina cikin masu neman ƙwarewa, to bari ka ji yadda abin yake. Ka yi shekara 6 a takarda, in ka haɗa da yajin aikin ASUU ya zama 7 ko 8, ka fito ka yi ta yawon neman gurbin hawus ofisa, wato aikin horo na shekarar farko a asibiti bayan digiri, wani sai ya shekara a gida yana jira, ka gama ka tafi bautar ƙasa, sannan ka fara neman aiki, kuma a ce maka ba a ɗaukar ma'aikata. Wato ƙasar da ke kukan ba likitoci ita ce kuma likita ke zaune a gida ba aiki. In ka samu kuma, aikin mutum huɗu ne a kanka saboda ukun sun tafi ba a maye gurbinsu ba, ka kwana kan kol, wato aikin kwana a asibiti, ka wayi gari a kilinik mutum sun cika benci har waje, wuta ta ɗauke kana tsakiyar aiki a haska maka da fitilar waya, ka rubuta magani ɗan uwan mara lafiya ya tsaya yana kallonka don ba shi da ko sisi, ka sa hannu a aljihunka. In mara lafiyan ya rasu kuma kai za a shaƙe wa wuya.
Alawus ɗin haɗarin aiki naira 5,000 ne a wata shekara da shekaru, har korona ta zo ta same mu a haka, sai ƙarshen 2021 aka ɗaga shi. A farkon 2020 zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci biyu a Kano. A Disambar 2023 aka shiga gidajen ma'aikatan asibitin ido na ƙasa da ke Kaduna aka sace likita mace, ta yi wajen wata 10 a hannun 'yan bindiga, sai da ƙungiyarmu ta likitoci masu neman ƙwarewa, NARD, ta yi yajin aiki a kanta. In ɓera da sata malam, daddawa ma da wari.

Baban Ilham:
Dakta duk na yarda, amma mu malaman makaranta wa ya kai mu shan wuya? Albashina ko buhun shinkafa biyu ba ya saye. Ba mu gudu ba.

Ɗan Kasuwar Kwari:
Malam ba ku gudu ba ne ko ba a neme ku ba 😂😂

Baban Ilham:
Kai ɗan Kwari ka kiyaye ni

Maman Sadiq:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni ungozoma ce a wani babban asibitin ƙaramar hukuma, ba zan faɗi garin ba. Duk kuna ta maganar Landan da Saudiyya, mu a wajenmu guduwar ba daga filin jirgi take farawa ba. Likita in aka turo mana shi, mafi yawa ɗan bautar ƙasa ne ko sabon ɗauka, da ya fara sanin hannun mutane sai ka ji ya nemi canji zuwa babban birnin jiha, daga can ya tsallaka asibitin tarayya saboda albashinsu ya fi na jiha, daga can ko ƙungiyoyin agaji su ɗauke shi ko Abuja, to sai daga nan ne ake maganar biza. Matar da aka kawo min cikin dare a bayan a-kori-kura tana zubar da jini ko tana jijjiga, ita da wanda ya tafi Abuja da wanda ya tafi Landan duk ɗaya ne a wajenta, babu shi dai babu shi. In kun ɗaure su shekara 5 a Najeriya ina tabbatar muku a Kano da Kaduna da Abuja da Legas za su yi shekara biyar ɗin, ko ɗaya ba zai zo mana ba. Kuma ban ga laifinsu sosai ba, gidan likitan namu rufin yana yoyo, ba ruwa, ba makarantar da zai sa 'ya'yansa, hanya kuma bayan la'asar ba mai bin ta.
Hukumar lafiya ta duniya ta ce a duk mata huɗu da ke mutuwa wajen haihuwa a duniya, fiye da ɗaya 'yar Najeriya ce, kuma kowa ya san wane ɓangaren ƙasar ne ya fi yawa a ciki. Mu da jami'an lafiya na matakin farko muke riƙe da wuraren nan, abin da ya fi ƙarfinmu mu rubuta takarda mu ce a yi gaba, wata ta kai wata a hanya.

Talaka Bawan Allah:
Innalillahi. Allah ya saka muku da alheri Maman Sadiq

Kawu Ɗan Fansho:
Yarinyar nan ta faɗi gaskiya, Allah ya yi miki albarka. Ni na yi aiki a ma'aikatar lafiya ta jiha har na yi ritaya, kuma ina so yaran gidan nan su sani wannan abu ba yau ya fara ba. Lokacin da Babangida ya kawo tsarin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986 naira ta faɗi, manyan likitocin asibitocin koyarwa suka yi ta tafiya Saudiyya, har gwamnati ta kafa kwamiti a 1988 kan ficewar masana. Abin da ya faru a 2023 maimaici ne, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, aka saki naira aka bar kasuwa ta yanke farashi, kafin a ankara dala ta haura naira 1,500. Albashin likita bai wani canza sosai a takarda ba amma in ka auna shi da dala ya koma kashi ɗaya cikin uku. Duk ranar da naira ta faɗi, ka je ka ƙirga likitocinka.
Maganar ɗaurewa kuma, Baban Ilham, ai akwai ta tuntuni, bon ake ce mata. Jihohinmu da yawa sun tura yara karatun likita Sudan da Masar da Indiya da sauransu, musamman mata, kuma kowa sai ya sa hannu zai dawo ya yi wa jiha aiki shekaru kaza. Har waɗanda ke karatu a gida wasu jihohin na sa su a albashi tun suna aji huɗu. Takardun suna nan cike da kabad. Nawa aka bi?

Bakatsinen Leeds:
Salam. Na daɗe ina karantawa ina shiru don na san ni ne wanda ake zagi. Ni ina Ingila ina aiki da NHS, hukumar asibitocin gwamnatinsu. Abu na farko, ba wanda ya zo Katsina ya ɗauke ni. Najeriya tana cikin jerin ƙasashe 55 da hukumar lafiya ta duniya ta fitar a 2023 waɗanda ke da ƙarancin ma'aikatan lafiya, Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi duk suna ciki, kuma dokar Ingila ta hana asibitocinsu zuwa neman ma'aikata a waɗannan ƙasashen. Amma ba ta hana kai ka nema da kanka ba, to ka ga ƙofar a rufe take ta gaba a buɗe ta baya. Da kuɗinka za ka yi jarrabawar Turanci, ka yi PLAB ta farko, wato jarrabawar tantance likitocin da suka yi karatu a waje, ka nemi biza ka zo Manchester ka yi ta biyu, ka yi rajista da GMC, hukumar ba likitoci lasisi a nan, sannan ka fara cike-ciken neman aiki, wasu fili suke sayarwa wasu motarsu. Su ko kwabo ba su kashe a karatunka ba sun samu likita dafaffe.
Kuma ba aljanna ba ce. Haraji zai ci nasa, haya ta ci nata, kuɗin mai rainon yara kaɗai ya isa ya sa ka kuka, da sanyi ƙarfe 4 na yamma duhu ya yi, wanda ya kai babban mataki a gida ya zo nan ya koma ƙasa yaron da bai kai ƙaninsa ba yana ba shi umarni. Su kansu likitocin Ingilan yajin aiki suka yi ta yi a 2023 da 2024 kan albashi, da yawansu suna tafiya Ostireliya, mu muna cike gurbinsu, ku kuma ba mai cike namu. Lokacin korona cikin likitocin farko da suka mutu a nan akwai 'yan Sudan biyu da Dakta Alfa Sa'adu mutumin Pategi. Amma duk da haka in na rubuta gwaji ana yi, in na ce a sa jini akwai jinin, ranar albashi ba ta wucewa, in na tashi aiki na tashi. Wallahi ba kuɗin ne ya fi riƙe ni ba, na gaji ne da kallon mutum yana mutuwa a kan abin da na san maganinsa. Kuma duk wata ina turo kuɗi gida, mutum nawa ke ci a ciki Allah kaɗai ya sani, kuɗin da 'yan Najeriya mazauna waje ke turowa ya kai wajen dala biliyan 20 a shekara.

Maman Sadiq:
Dakta kuɗin da kake turowa gidanku yake zuwa, Allah ya ƙara buɗi, amma ba ya yi wa kowa tiyata a garinmu.

Bakatsinen Leeds:
Haka ne Hajiya, ban musa ba.

Ɗan Kasuwar Kwari:
Ni fa abin da ke ba ni haushi masu cewa a ɗaure likita su ina suke zuwa in kansu ya yi ciwo? Marigayi 'Yar'aduwa Jidda aka kai shi a 2009. Marigayi Buhari a 2017 ya yi sama da kwana 100 a jere a Landan, kuma a can Allah ya karɓi ransa a 2025, Allah ya jiƙansu duka. A 2017 ɗin matarsa Aisha da kanta ta fito ta ce asibitin fadar shugaban ƙasa ko sirinji babu. Chris Ngige yana ministan ƙwadago, shi kansa likita ne fa, ya fito talabijin a 2019 ya ce muna da rarar likitoci duk mai son tafiya ya tafi. A Abuja aka zauna a 2001 ƙasashen Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, mu masu masaukin baƙi har yau muna ta lilo a wajen kashi 5. A fara yin dokar da za ta hana mai riƙe da muƙami fita waje neman magani shekara 5, in ya so sai a zo kan likitoci

Admin:
Jama'a a tsaya kan maudu'i, kar a mayar da shi faɗan jam'iyya. Na goge saƙo biyu.

Dakta Ummu Abdallah:
Ni ina Saudiyya, kuma gaskiya mu 'yan arewa nan muka fi nufa ba Ingila ba. Mutane na ɗauka duk a Makka ko Madina muke, alhali da yawa ƙananan garuruwa ake tura mu inda 'yan ƙasar ba sa son zama, wato abin da Maman Sadiq ta faɗa su ma suna da shi, bambancin su suna da kuɗin sayo likita daga Masar da Sudan da Pakistan da Najeriya ya zauna musu a can. Za a tantance takardunka ta kamfanin Dataflow ka yi jarrabawar samun lasisi ta Prometric, albashi ba haraji, ga umara kusa, ga tarbiyyar yara da kwanciyar hankali. Amma kwantiragi ne, iƙamarka a hannun mai aikinka take, ko shekara 30 ka yi ba za ka zama ɗan ƙasa ba, ranar da suka samu ɗan ƙasa mai irin takardarka sai a ce ma'assalama. Ku tuna Agustan 2021, NARD na cikin yajin aikin nan da ya kai wata biyu, masu ɗaukar ma'aikata na Saudiyya suka zo otal ɗin Sheraton a Abuja likitoci suka yi cincirindo har da manyan kwansaltan, wato ƙwararrun likitoci, masu furfura. Wannan hoton shi ya kamata ya hana gwamnati barci.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Mu nan Nijar lokotoro ya hi ƙaranci bisa ga naku nesa ba kusa ba, kuma mafi yawansu Yamai suke. Masu hita Faransa da Beljika suka nufa, wasu sun tai ƙaro ilimi ba su komo ba. Amma ku duba wani abu, Faransa da kanta ta ƙayyade yawan ɗaliban likita tun 1971, sai wajen 2020 ta ɗage, shi ya sa yau garuruwansu na karkara ba lokotoro, sai su cike da mutanen Aljeriya da Tunisiya da Maroko da namu na yammacin Afirka. Kuma wanda ya zo da digirin waje sai ya yi shekaru yana aiki da ƙaramin matsayi da ƙaramin albashi kahin ya ci jarrabawar da za a daidaita shi da nasu, har zanga-zanga sunka yi a Paris kan haka. Wato sun ƙi kashe kuɗi su horar da nasu, mu matalauta mu ke horar musu. In akwai wanda za a kama ya biya, ni a ganina su ne.

Alhajin Zango Kumasi:
Gaskiya ne ɗan Maraɗi. Nan Ghana nas-nas ne suka fi tafiya, Ingila da Amurka da Kanada. Amma akwai wanda gwamnati da kanta ta shirya, a 2020 ta tura nas zuwa Barbados da yarjejeniya tsakanin ƙasa da ƙasa. In za a tafi gara irin wannan, an san wa ya tafi, shekara nawa zai yi, me ƙasa za ta samu. Kyuba ma ai haka take yi da likitocinta tun da daɗewa, gwamnati ke karɓar kaso mai yawa na kuɗin.

Bakatsinen Leeds:
Alhaji na Kyuba kam ba likitan Najeriya da zai yarda, a karɓe maka fiye da rabin albashi a ba waɗanda ka san me za su yi da shi? Maganar su biya kuma, akwai ƙa'idar da ƙasashe suka amince da ita a hukumar lafiya ta duniya tun 2010 kan ɗaukar ma'aikatan lafiya daga waje, amma ta ganin dama ce, ba wanda za a hukunta in ya karya.

Baban Ilham:
To ai gwamnati ta ce ta ɗau mataki. Tinubu ya amince da sabon tsari kan ƙaurar ma'aikatan lafiya a Agustan 2024, kuma minista ya ce an ƙara gurbin ɗalibai a makarantun likita da na nas da sauransu daga 28,000 zuwa 64,000. In ana yaye da yawa ko wasu sun tafi ai wasu za su rage.

Dakta Bazazzagi:
Malam a nan ne gizo ke saƙar. Wa zai koyar da su? Likita ba a allo ake yin sa ba, a gefen gadon mara lafiya ake yin sa, babba yana riƙe da hannun ƙarami. Kafin mutum ya zama kwansaltan bayan digiri sai ya ƙara shekara 5 ko 6 ko fiye yana horo, kuma su ɗin ne Saudiyya ta fi so don ba sai ta koya musu komai ba. Akwai sashen da in mutum biyu suka tafi shi kenan an rufe horo a wurin, don kwalejin da ke ba da izinin horarwa tana da adadin ƙwararrun da dole a samu. Masu sa barci a tiyata, masu aikin ƙwaƙwalwa, masu cutar kansa, likitocin taɓin hankali, je ka ƙirga su a jihohin arewa ka gani, wata jihar yatsun hannu ɗaya sun yi yawa. Ka ninka ɗalibai ka bar malamai suna raguwa, ɗalibi 40 a kan gado ɗaya na baya ko fuskar mara lafiyan ba ya gani, me za a yaye? Ni tafiyar sabon likita ba ta tayar min da hankali kamar tafiyar wanda ya koya min. Kuma ƙudurin Johnson bai taɓa wannan ba ko kaɗan, shi ya daɗe da lasisinsa a aljihu.

Maman Sadiq:
Mu ma haka, manyan sistocin da suka koya mana karɓar haihuwa daga masu ritaya sai masu tafiya.

Baban Ilham:
Na ji ta kwansaltan. Amma ni har yanzu ina kan bakana a kan mutum ɗaya, wanda jiha ta ɗauka ta kai shi Sudan ko Masar da dala, ta biya masa komai har kuɗin jirgi, ya sa hannu da kansa. Minista ya ce horar da likita ɗaya ya haura dala 21,000, na waje ma na san ya fi haka. Wannan in zai tafi ya tafi, amma ya ajiye kuɗin a dalar da aka kashe ba a nairar yau ba, a ɗauki wani yaron da su. Kawu ku da kuka riƙe fayil ɗin, me ya hana a bi su? Ba masu tsaya musu ne?

Kawu Ɗan Fansho:
Akwai mana, kowane fom da mai tsayawa mutum biyu. Amma ɗana ka san su waye ke samun gurbin tun farko, kuma ka san su waye ke sa hannu a matsayin masu tsayawa. Na taɓa haɗa sunayen waɗanda suka karya bon na kai ofishin babban sakatare, ya buɗe shafin farko ya ga na uku a jerin ɗan yayarsa ne, mai tsaya masa kuma daraktan da ke zaune kusa da ni a taron. Aka ce in bar fayil ɗin za a duba. Wata biyu bayan nan aka mayar da ni sashen kula da motoci.